Baƙar Ƙasar Garejin Baba

Kowace sallah idan kun taru a gidan nan, sai ɗayanku ya ɗauko maganar, yawanci ke Jamila, tunda ke bakinki ba ya iya ajiye tambaya: me ya sa muka daina zuwa gidan kawunku Mamman yawon sallah? Nakan ce ku ci abincinku kada ya huce. Na san kun ji bayani iri-iri a waje. Wasu sun ce muku rabon gado ne ya raba mu, wasu sun ce boko ne ya hau mini kai har na raina wanda ya goye ni. Akwai ma wadda ta ce asiri aka yi mana, ita wannan na gode mata, don ita kaɗai ce ba ta ɗora wa ɗayanmu laifi ba. Yanzu da idona ya fara gajiya da rubutu, gara in ajiye muku yadda abin ya kasance, ku karanta ku yanke abin da kuka ga dama. Ba gado ba ne, ba kuma asiri ba. A kan ƙasa muka ɓata, ƙasar da ake takawa.

Filin da makarantarmu take a kai yanzu, a bakin titin da ya nufi Mai'aduwa, da can gonar Baba ce. Da gari ya matso, manyan motocin da ke zirga-zirgar Kwangwalam, can bakin iyakar Nijar, suka fara yada zango a wajen, sai Baba ya ga haya ta fi gero, ya ba makanikai. Daga makanikai sai masu cajin batir, daga su sai masu sayen mataccen batir. Waɗannan su fasa shi da gatari, su tsiyaye ruwan a ƙasa, su narka dalmar a tukunyar ƙarfe, su zuba a rami ta daskare, a ɗauka a kai Kano. Tun ina budurwa ake wannan sana'a a wurin har na yi jikoki. Baƙin mai kuwa ba a magana, duk motar da aka yi wa juye a nan take barin nata. Ƙasar ta koma baƙi ƙirin, tana maiƙo, ko a tsakiyar damina ba ka ganin tsiro ɗaya. Da Baba ya rasu aka zauna rabo, Yaya Mamman ya ɗauki gida da gonakin ƙauye, inda dama yake zaune da iyalinsa, ni kuma aka bar mini gareji. Babu wanda ya ɗaga murya ranar. Shi da bakinsa ya ce in ɗauka, tunda ni 'yar birni ce, fartanya ba ta san hannuna ba.

Ku ƙananan ba ku san shi sosai ba, don haka bari in faɗa muku ko wane ne. Innarmu ta rasu ban yi wayo ba, shi kuwa ya riga ya zama saurayi. Shi ya riƙa ɗora ni a bayan keke yana kai ni firamare, shi ya tsaya wa Baba a kan sai an bar ni na tafi kwalejin horon malamai, lokacin da duk dangi suka ce karatun ya isa haka. Mutum ne mara yawan magana, mai kyauta har ta yi yawa. Idan ka roƙe shi rigar jikinsa zai tuɓe ya ba ka. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, a kunyata shi a gaban mutane. Wannan na san shi tun ina bayan keken.

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, babanku ya riga ya rasu, manyanku kowa ya kama gabansa, ƙananan suna makarantar kwana, sai zaman gida ya ishe ni. Na ce bari in gina 'yan azuzuwa a filin nan in tara ƙananan yara, waɗanda ba su isa firamare ba. Na sallami 'yan haya ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen tashi shi ne Oga Sande, Ibon nan mai shagon kayan gyaran mota, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunku. Yana ɗaure kayansa a bayan a-kori-kura ya tsaya ya dube ni.

"Hajiya, da gaske yara za ki tara a nan?"

"Yara mana, Oga. Ko kana son in ajiye maka kujera a aji ɗaya?"

"Ni dai duk zamana a wurin nan ban taɓa barin 'ya'yana sun zauna a ƙasa ba. Ko abinci madam ta aiko, cikin mota nake shiga in ci. Ki sa a duba miki ƙasar nan kafin ki ajiye bulo."

Maganarsa ta tuna mini abin da muka riƙa ji a rediyo shekarun baya, yadda dalma ta yi ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara. Akwai wani tsohon ɗalibina, Kabiru, da yake aikin kula da muhalli a Katsina. Na kira shi, ya zo da 'yan ledoji da ƙaramin shebur, ya ɗebi ƙasa nan da can ya tafi da ita a auna. Da ya dawo bai ko tsaya shan ruwa ba.

"Malama, wurin nan dalma ce jibge. Babba zai daɗe yana shiga yana fita bai ji komai ba, sai a hankali. Amma yaro mai rarrafe, da ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini. Ba lallai ta sa zazzaɓi ba balle a farga. Ƙwaƙwalwa take ci. Sai yaro ya taso a ga magana ta ƙi fita, karatu ya ƙi zama, a ce haka Allah ya yi shi."

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na yi shekaru ina kallon irin waɗannan yara a bayan aji, ka faɗa musu abu yau, gobe kamar ba a yi ba, iyaye su yi duka, malamai su yi duka. Ban ce dalma ce ta yi musu haka ba, ban sani ba. Amma na san fuskar, kuma na san ba na son a ce a filina aka samo ta. Kabiru ya tsara yadda za a yi. A kankare ƙasar sama har gwiwa, inda ake narkawa kuwa har ƙugu. A riƙa yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi. Leburori su sa takunkumi da takalmin roba, su yi wanka su canza kaya kafin su koma cikin iyalinsu. A kwashe ƙasar da tifa zuwa wani tsohon ramin burji da hukuma ta nuna mana, nesa da gari, nesa da rijiya, a shimfiɗa leda mai kauri a zuba, a rufe da laka. Bayan nan a kawo jan burji a cike filin, a bi da siminti. Kuɗin sallamata na aiki kusan duk a ramin nan suka tafi. Leburorin kuwa na sha fama da su, da na juya baya sai takunkumi ya koma haɓa, wai yana hana su cin goro.

Aiki ya yi nisa, an tara ƙasar tsibi guda a bakin titi, sai tifar da muka yi jinga da ita ta lalace. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano. Tsibin nan ya zauna yana jira, kowa ya wuce ya gan shi.

Abin da ni da Kabiru ba mu sa a lissafi ba shi ne gara. Kowa a ƙasar nan ya san gara ba ta son baƙin mai, shi ya sa ake shafa shi a azara da ƙyauren ƙofa. To ga ƙasar da ta shekara da shekaru tana shan baƙin mai, an haƙo an tara a fili. A idon mutane wannan ba shara ba ce, magani ne. Sannan ku kun taso a zamanin da ake sayen yashi da tifa, ba ku san ƙa'idar ba: a wajenmu ba a hana ƙasa. Wanda duk ya haƙa rijiya ko salga ko harsashin gini, maƙwabci zai zo da kwandonsa ya ce sannu da aiki ya ɗiba, ba sai ya roƙa ba. Sai ga mutane da baro, da bokiti, da buhu a bayan jaki. Na tsaya a gaban tsibin na ce babu mai ɗiba. Wata tsohuwa da ta san ni tun ina yarinya ta ajiye kwanonta ta riƙe haɓa.

"Binta, ƙasa fa! Ƙasar ma sai an hana?"

"Guba ce a ciki, Inna."

"To ai gubar muke nema, 'yar nan. Gara ta cinye mini ƙafar gado."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Wasu suka gane, wasu suka ce sayarwa zan yi a Nijar. Kafin mako ya zagayo na samu sabon suna a unguwar, Malama mai hana ƙasa. Bai dame ni ba, wanda ya yi shekaru yana riƙe da aji ya saba da suna a bayan ido. Na sa aka lulluɓe tsibin da tamfal, na ɗauki wani dattijo gadi, na ce masa ko wane ne ya zo kada ya bari.

Ana cikin haka aka kira mu Katsina tantance 'yan fansho, na yi 'yan kwanaki a can. Ranar da na dawo na biya ta filin, na ga an yaye tamfal ta gefe ɗaya, an yi wa tsibin gibi babba, ga sawun shanu. Maigadi ya taso yana gyara hula.

"Malam Mamman ne ya zo da amalanke."

"Ba na ce ko wane ne ka hana ba?"

"Hajiya, ɗan mai filin ne fa, kuma yayanki. In ce masa me? Har goro ya ba ni."

Ban yi masa faɗa ba, don gaskiyarsa ce. Laifin wa? Yaya yana ƙauye, ban taɓa zama na yi masa bayanin aikin da nake yi ba, ya zo kasuwa ya ga ƙasar gidansu a tare, ya ɗiba kamar yadda kowa zai ɗiba. Da na tambayi maigadi abin da Yaya zai yi da ita, sai ya warware mini. Ɗansa Nura, matarsa Sa'adatu ta tafi gidan iyayenta wankan haihuwar fari, ta samu 'ya mace, arba'in ta kusa. Kun san al'ada, mai jego ba ta dawowa tsohon ɗaki, sai an yi shafe an yi sabon daɓe. Ɗakin nata kuwa gara ta addabe shi, siminti kuma ya yi tsada. Yaya ya ga ya samo wa jikarsa ta fari ɗakin da gara ba za ta sake shiga ba.

Washegari da safe na hau mashin na nufi ƙauye. Na tarar an gama. Matan unguwa sun yi gayya, sun wuni suna duka da madaɓi, an bi da ruwan makuba, daɓe ya kwanta sumul yana ƙyalli. Maganar gaskiya, ban taɓa ganin daɓe mai kyansa ba. Matar Yaya, Hansai, ta ja hannuna har ƙofar ɗakin tana cewa in tuɓe takalmi in taka in ji. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon inda yarinya za ta koyi zama, ta koyi rarrafe, ta tsinci abin da ya faɗi ta kai baki. Na fito na samu Yaya a zaure yana gyaran igiyar shanu. Muka gaisa, ya tambayi ku ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Yaya, ƙasar nan da aka ɗebo akwai dalma a ciki. An auna. Tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Ina roƙonka a fasa daɓen nan, ni zan kawo siminti."

"Binta, shekara nawa Baba ya yi yana zama a garejin nan? Da ƙafarsa ya je masallaci har ranar da ya kwanta. Ni ma nan na yi wasa."

"Lokacin da ka yi wasa gona ce, Yaya. Kuma babba daban, jariri daban."

"To a shimfiɗa leda a kai."

"Leda tana yagewa. Daɓe kuma kullum shara ake yi, kullum yana ba da ƙura."

Ya ajiye igiyar.

"Matan nan sun wuni suna duka har hannunsu ya yi kanta, ko sisi ba su karɓa ba. In tara su in ce musu me? Ƙanwata ta zo daga birni ta ce aikinku guba ne? In dai ƙasar ce take miki ciwo, na ji an ce hanawa kike yi, faɗi kuɗinta in biya."

Wannan maganar ta yi mini zafi, har yau ina jin ta. Na haɗiye, na sake roƙo. Na ce in kawo Kabiru ya yi masa bayani, ya ce kada in kuskura in kawo masa ma'aikacin gwamnati gida. Daga ƙarshe ya ce gidansa ne, magana ta ƙare, ya ɗauki igiyarsa. Na samu Nura a bayan gida, yaron da ya yi karatu har sakandare, ya fahimci abin da nake faɗa sarai. Ya sunkuyar da kai.

"Goggo, na ji. Amma ni ba zan iya tsallake maganar Baba ba."

Ranar Laraba ce, Juma'a za a dawo da mai jego. A hanyar komawa akwai wata mararraba, hagu ta nufi Daura, dama ta nufi ƙauyen iyayen Sa'adatu. Na ce wa mai mashin ya tsaya, na sauka na zauna a gindin wata tsamiya. A nan nake so ku buɗe kunne, don a nan ne mutane suke cewa ban san abin da nake yi ba. Na sani. Tsakanin mutum da surukansa akwai kunyar da ba a taɓawa. Yaya da Malam Idi, mahaifin Sa'adatu, ko ruwa ɗayansu ba ya sha a gaban ɗaya. Ka ɗauki maganar cikin gida ka kai wa surukai, ka ce musu ɗakin da aka shirya wa 'yarsu bai dace ba, wannan daidai yake da ka tuɓe wa mutum riga a tsakiyar kasuwa. Kuma ƙanwarsa ce za ta yi, wadda ya ɗora a keke. Na duba ko akwai wata hanya. In je wurin mai gari, abin ya zama ƙara. In jira in tara dattawan dangi, kafin su gama gaisawa yarinya ta kwana a ɗakin, kuma da ta shiga babu mai iya fitar da ita. Na tashi na kakkaɓe zanena na ce wa mai mashin mu bi dama.

Aka karɓe ni da murna, aka miƙo mini jaririya, Hauwa'u, tana ta barci da kwalli a ido. Na faɗa wa uwar Sa'adatu abin da ke tafe da ni. Ta aika aka kira Malam Idi, ya tsaya daga bakin ƙofa. Shi dillalin dabbobi ne a kasuwar Mai'aduwa. Ban kai ƙarshen bayani ba ya ɗaga hannu.

"Ya isa, Hajiya. Na taɓa asarar tumaki da suka lashi fasasshen batir a bayan tasha. Da idona na ga yadda suka riƙa zagaye suna faɗuwa. Yarinya ba za ta koma ba sai an fasa."

"Don Allah Malam a bi a hankali. Kada a ce daga bakina aka ji."

"Hajiya, duk garin nan an ga shigowarki. Wa za a ce?"

Ranar Juma'a aka yi girki a gidan Yaya, mata suka taru, aka share ƙofar gida ana jiran mai jego. Sai ga ƙanin Malam Idi shi kaɗai a kan mashin. Ya shiga zaure, a gaban dattawan da suka zo taya murna, ya isar da saƙo cikin ladabi: suna neman alfarma a fasa daɓen ɗakin, in an fasa za su kawo yarinya. Hansai ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce Yaya ya sallami baƙo, ya shiga ya ɗauko diga. Nura ya zo zai karɓa, ya ce ya matsa. Shi kaɗai ya fasa daɓen nan, matan da suka yi shi suna tsaye suna kallo, ya kwashe ya loda a amalanke.

Washegari da la'asar ina filin, tifa ta gyaru ana lodi, sai na hango shanunsa. Ya zo har gaban tsibin ya juye. Ya ɗauko tsintsiya ya share cikin amalanken tas, ya tara ƙurar a tafin hannu ya zuba a kai.

"Ga ƙasarki nan, Malama. Duba ko ta cika."

"Yaya, ka tsaya ka ji."

"Na ji ai. Duk ƙauye ma sun ji."

Na dube shi, gemunsa da girarsa da rigarsa duk baƙar ƙura. Akwai maganganu da yawa da ya kamata ƙanwa ta faɗa a wannan lokaci. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ka yi wanka kafin ka shiga gida. Kada ka ɗauki yaro ko ɗaya da kayan nan."

Bakin malamar makaranta ke nan, ba ya sanin lokacin da aka tashi daga aji. Ya dube ni, ya juya shanunsa ya tafi. Hansai ta ce da ya isa bai shiga gida ba, ya tsaya a rijiyar bayan gari ya aika aka kai masa sabulu da wasu kaya, ya yi wanka, ya wanke amalanken, rigar kuwa ya haƙa rami ya binne. Simintin da na aika ya dawo mini da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ragonsa ya sayar ya sayi nasa, aka yi wa ɗakin, aka dawo da Sa'adatu ba tare da wani taro ba.

Sauran aikin kun gan shi da idonku. Aka rufe ramin can da laka, aka cike fili da jan burji, aka malale da siminti, azuzuwa suka tashi. Ba mu haƙa rijiya ba, ruwa daga waje ake kawo mana. Kabiru ya hana ni shuka mangwaro ko gwaiba, sai darbejiya, ita ma a cikin sabuwar ƙasa. Tsohuwar nan mai kwano, jikokinta biyu a wurina suka koyi baƙi, kuma har ta rasu ba ta daina kirana mai hana ƙasa ba, sai dai ta koma faɗa da dariya.

Yaya kuwa, na je ban haƙuri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na je ni kaɗai, na je da dattawa, na je da limamin unguwarmu. Kowane zuwa zai sa a shimfiɗa tabarma, a kawo fura, ya amsa gaisuwa, ya ce ba komai, ya yafe, amma kowa ya zauna a gidansa zai fi. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Da zagin ya yi da na samu abin kamawa. Da na ga zuwan nawa yana takura shi, kuma ku ma ana karɓarku kamar baƙi, sai na daina kai ku. Wannan ita ce amsar tambayarki, Jamila.

Mutane sukan tambaye ni, to da an bar daɓen, tabbas yarinyar za ta samu matsala? Ban sani ba. Babu wanda ya sani sai Allah. Wahalar irin wannan abu ke nan, in ka hana shi faruwa ba ka da abin nunawa, sai dai a ga ɓarnar da ka yi wajen hanawa. Ba na ce muku na yi daidai a komai ba, ba na kuma neman ku ce kawunku ya yi kuskure. Shi kyauta ya yi niyyar yi wa jikarsa, aka mayar masa da ita abin kunya a gaban surukai. Kada in ji ɗayanku ya faɗi mummunar magana a kansa. Na yi kewarsa shekarun nan, kewa mai tsanani, yana raye a ƙauyen da mashin yake kai ni kafin shayi ya huce.

Daminar bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya da ba a sanar da ni ba sai da aka yi masa sutura. Na je zaman makoki, Hansai ta rungume ni, aka ba ni wuri a cikin mata. Idona ya bushe ƙam, har ina jin kunyar kaina. Ran uku da hantsi, mutane sun ɗan ragu, sai wata yarinya ta zo ta tsaya a gabana tana kallona, doguwa, mai idon Nura. Jakata ba ta rabuwa da alawa saboda 'yan makaranta, na ciro ɗaya na miƙa mata. Ta mayar da hannuwanta baya.

"Ke ce Goggo Binta ta Daura?"

"Ni ce. Ke ce Hauwa'u?"

"Ke kika sa aka fasa ɗakinmu ina jaririya?"

"Ni ce."

"Kaka ya ce kada mu karɓi komai a hannunki. Amma ya ce in mun gan ki mu gaishe ki, don ke babba ce."

"To, ai ba ki gaishe ni ba."

Ta durƙusa har ƙasa. Ta ce ina kwana, ta ce ya gajiyar hanya, ya mutanen Daura, ya haƙurinmu, Allah ya jiƙan Kaka ya sa ya huta. Ta jero su tiryan-tiryan, babu kalmar da ta maƙale, babu wadda ta ɓace mata, idonta a kaina tana jiran amsa. Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Uwarta ta ƙwala mata kira daga madafi, ta tashi da gudu.

Na mayar da alawar cikin jaka. Ina zaune ina jiyo muryarta a tsakar gida tana yi wa ƙaninta faɗa a kan ya zubar da ruwa, tana kawo masa hujja bayan hujja. Sai a lokacin kukan Yaya ya zo mini.